Kyanwata ta rage cin abinci: in canza mata wani ne, ko in bari yunwa ta sa ta ci?

Uwar Mage

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kyanwa sosai. Mace ce, shekararta 9, an yi mata aikin hana haihuwa tun tana ƙarama, kuma ba ta fita waje. Tana da ɗan jiki. Wata biyu da suka wuce nauyinta kilo 5.2 ne, jiya da na ɗora ta a sikeli na ga 4.9.

Busasshen abinci na buhu take ci tun tasowarta. Wanda ta saba da shi ya ƙare, ban sami irinsa ba, sai na sayo na wani kamfani. Yau kwana huɗu ke nan, in na zuba mata sai ta taho da sauri kamar mai jin yunwa, ta sunsuna, ta ɗauki ƙwaya biyu ko uku, ta lashe baki, ta juya. Na auna abin da take ci a yini, bai wuce giram 15 ba, alhali da tana cinye wajen 60. Ruwa tana sha, amai kuma ban gani ba.

An ce mini tsirfa ce kawai, in bar mata abincin, in yunwa ta ishe ta za ta ci. Wasu kuma sun ce in ba ta madara da kifin gwangwani. Shin wanne zan bi? Kuma in zan sayi wani abincin, me zan duba a jikin buhu ko gwangwani in gane mai kyau ne?

LikitanDabbobi

Wa alaikumus salam, Malama. Zan fara da maganar a bar ta da yunwa, domin a cikin duk abin da aka gaya miki ita ce mai haɗari. Wannan dabara tana iya yin aiki a kan lafiyayyen kare. A kan kyanwa kuwa, balle mai ƙiba, tana iya yin kisa.

Ga yadda abin yake faruwa. Idan abinci ya yanke ko ya ragu ƙwarai, jiki yakan kwaso kitsen da ya tara ya tura shi hanta don a mayar da shi kuzari. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa kitse mai yawa a lokaci guda, kuma tana buƙatar furotin kafin ta iya fitar da kitsen zuwa cikin jini, furotin ɗin da kyanwar ta daina samu. Sai kitse ya maƙare ƙwayoyin hanta, aikinta ya ja baya, tashin zuciya ya shigo, kyanwa ta ƙara gudun abinci, kitse ya ƙara kwararowa. Kowanne yana rura wutar ɗayan. Wannan shi ake kira ciwon kitsen hanta. Ba sai ta daina ci gaba ɗaya ba. Cin kwata ko sulusin abin da take buƙata na kwanaki a jere ma yana iya kai ta can. Giram 15 daga 60 kwata ne daidai, kuma yau kwana huɗu. Don haka shawarata ki kai ta wurin likitan dabbobi yau ko gobe da safe, ki ci gaba da lallashinta da abinci kafin lokacin.

Ƙa'idar da ya kamata kowane mai kyanwa ya riƙe: babba ta yi awa 24 ba ta sa komai a baki ba, a nemi likita. Tana ci amma ƙasa da abin da ya kamata, kada a wuce kwana uku. 'Yar ƙarama da ba ta kai wata uku ba kuwa ko rabin yini bai kamata ta yi ba, saboda sukarin jininta yana faɗuwa da wuri.

Abu na biyu da ya ja hankalina shi ne nauyin. Daga 5.2 zuwa 4.9 giram 300 ne, kusan kashi 6 cikin 100 na jikinta. Kamar mutum mai kilo 70 ya zubar da kilo 4 ne. Da wuya a ce duka a cikin kwana huɗu ta rasa shi. Mai yiwuwa ta fara ramewa tun kafin buhun ya ƙare, canjin abincin kawai ya fito da abin fili.

Yanayin da take tunkarar kwanon yana faɗin abubuwa da yawa, don haka ki zauna ki kalle ta da kyau a ciyarwa ta gaba.

Wadda take zuwa da yunwa, ta sunsuna, ta yi ta lasar leɓe, tana haɗiyar yawu ko yana dalala, sannan ta kau da kai, galibi tashin zuciya ne, ko da ba ta yi amai ba. Wannan ya yi kama da abin da kika bayyana. A shekarunta ana fara tunanin ciwon ƙoda, kumburin hanji, kumburin fankiriyas (gaɓar da ke kusa da tumbi mai taimakawa wajen narkar da abinci), ko matsalar hanta.

Wadda take ɗaukar ƙwaya ta faɗo daga bakinta, ko tana karkata kai tana tauna da gefe guda, ko ta zabura ta gudu daga kwano kamar an tsikare ta, ciwon baki ne: haƙori da ya zaizaye daga saiwa, dasashi da ya kumbura, ko gyambo a harshe. Yunwa tana nan, ikon ci ne babu.

Wadda hancinta ya toshe da majina, tana atishawa, ido yana ruwa, ita ba ta jin ƙamshin abincin ne. Kyanwa da hanci take fara cin abinci, in ƙamshi ya ɓace mata sai ta ɗauke shi ba abinci ba.

Mai tsirfa ta gaskiya kuwa ana gane ta da abu ɗaya: ki ajiye mata abin da take so, ta cinye tas ta nemi ƙari, wasanta da gyaran jikinta ba su canza ba, nauyinta yana nan. In kika ba ta abin da ta fi ƙauna a duniya ta lasa sau biyu ta bari, maganar tsirfa ta ƙare.

Kafin ki tafi, ki duba waɗannan a gida cikin haske mai kyau. Ɗaga leɓenta ki ga dasashi: ruwan hoda ne mai damshi, ko ya yi fari, ko yana danƙo a yatsa? Danƙo alamar ƙarancin ruwa ne a jiki. Ki duba farin ido, cikin kunne da dasashin ko sun yi rawaya, wato shawara. Ki lura da wurin bahayarta: yaushe ta yi kashi na ƙarshe, kuma fitsarin ya ƙaru ne ko ya ragu? Rawaya a jiki, amai a kai a kai, numfashi da baki a buɗe, ko kwanciya ba motsi, waɗannan ba sa jiran gobe. Ga masu namiji kuma: in ya daina ci, yana ta zirga-zirga wurin fitsari yana yunƙuri ba abin da ke fita, mafitsara ce ta toshe, a tafi asibiti a wannan sa'ar.

Roƙo ɗaya: kada ki ba ta maganin mutane. Farasitamol, ko ƙwaya ɗaya, yana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta da isasshen sinadarin da ke warware shi.

Mai Lissafin Kalori

Malama, abin da Likita ya faɗa shi ne gaba da komai. Ni zan ɗauki ɓangaren zaɓen abinci.

Kyanwa maciyar nama ce ta dole, ba ƙaramin kare ba ce. Akwai abubuwan da jikinta ba ya iya haɗawa da kansa yadda zai wadatar, sai ta same su a jikin dabba. Babbansu shi ne tawurin, wani sinadari da ake samu a nama. Rashinsa yana lalata bayan ido har ya kai ga makanta, yana kuma sa tsokar zuciya ta saki ta yi laushi. A 1987 ne masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka tabbatar da alaƙar rashin tawurin da wannan ciwon zuciyar, daga nan kamfanoni suka ƙara yawansa a abincin kyanwa, cutar ta ragu sosai. Haka kuma ba ta iya mayar da sinadarin da ke cikin karas da ganyaye ya zama bitamin A yadda mutum da kare suke yi. Shi ya sa abincin kare ba ya maye gurbin nata, ko da tana cinsa da marmari.

Abu na farko da za ki nema a jikin buhu ko gwangwani ba hoton kaza ko kifi ba ne. Ki nemi jimlar da ke cewa abincin cikakke ne, wato shi kaɗai ya ishe ta. A kan kayan Amurka za ki ga an ambaci ma'aunin AAFCO, ƙungiyar jami'an da ke kula da abincin dabbobi a can, a kan na Turai kuma ana rubuta ko cikakke ne ko na ƙari ne, bisa jagororin FEDIAF, ƙungiyar masu sarrafa abincin dabbobin gida ta Turai. Wannan bambancin yana yaudarar mutane da yawa. Akwai 'yan gwangwanaye masu kyan gani, tsokar kifi ko kaza zalla a cikin romo, waɗanda na ƙari ne kawai: babu isasshen kalsiyam, babu cikakkun bitamin. Irinsu, haɗe da duk wani ɗan abin lashe-lashe da ake ba ta, kada su wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini.

Na biyu, matakin shekaru. Abincin 'ya'ya har zuwa wata 12, da mai ciki da mai shayarwa. Na manya daga nan. Ma'aunin AAFCO ya sa mafi ƙarancin furotin kashi 26 cikin 100 ga babba, kashi 30 ga mai girma, bayan an cire ruwa. Wannan shi ne ƙasa, abinci mai kyau yakan wuce haka.

Wannan "bayan an cire ruwa" shi ne inda ake rikicewa. Za ki ga buhu an rubuta furotin 32, gwangwani an rubuta 10, ki ɗauka buhun ya ninka shi sau uku. Ba haka ba ne. Na buhu ruwan cikinsa wajen kashi 10 ne, na gwangwani kuwa yakan kai 75 zuwa 80. Ki cire ruwan daga 100, ki raba furotin da abin da ya rage. Buhu: 32 a raba da 90, ya ba da kusan kashi 36. Gwangwani mai ruwa 78: 10 a raba da 22, ya ba da kashi 45. Ashe na gwangwanin ne ya fi.

Jerin kayan haɗi kuma ana tsara shi ne bisa nauyi kafin a dafa. Ɗanyen nama ruwa ne ya fi yawa a cikinsa, don haka yana iya zama na farko a jeri amma bayan an busar ya koma kaɗan. Kada ki tsorata da ganin kayan ciki irin su hanta, huhu da ƙoda. Abinci ne mai amfani ga kyanwa, a wasu sinadaran ma sun fi tsoka. Rubutun "babu hatsi" shi ma bai nufin babu sitaci, sau da yawa dankali ko wake aka sa a madadin masara.

Yanzu nawa za ta ci? Lissafi mai sauƙi na abin da jiki ke ƙonawa a zaune: nauyi a kilo sau 30, a ƙara 70. Ga mai ƙiba ana amfani da nauyin da ya dace da ita, ba wanda take da shi ba. In muka ce nata kilo 4.5 ne, 135 da 70, kalori 205 ke nan a yini. Busasshen abinci yakan ɗauki kalori 350 zuwa 400 a giram 100, wato giram 50 zuwa 60 sun ishe ta. Ƙaramar leda ta jiƙaƙƙen abinci mai giram 85 takan ɗauki kalori 70 zuwa 90, don haka tana buƙatar biyu da rabi zuwa uku. Mutane sukan ga kyanwa ta cinye leda ɗaya su ce ta ci, alhali sulusi kawai ta samu. Giram 15 da take ci yanzu bai wuce kalori 60 ba. Ki riƙa awo da sikelin kicin, kofi yana ƙarya.

Tsakanin busasshe da jiƙaƙƙe, ra'ayina ga kyanwa mai shekara 9 shi ne a shigar da jiƙaƙƙe cikin abincinta, ko da rabi ne. Asalin kyanwa dabbar busasshiyar ƙasa ce, ƙishirwa ba ta saurin tura ta wurin ruwa, a jikin abin da ta farauto take samun mafi yawansa. Tana buƙatar wajen mililita 50 ga kowane kilo a yini, na sha da na cikin abinci a haɗe. Ga ƙoda da mafitsara wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma busasshe cikakke ba guba ba ne, kyanwoyi da yawa suna rayuwa lafiya a kansa in suna shan ruwa.

Madara: yawancin manyan kyanwoyi ba sa narkar da sukarin cikinta, zawo take sa su, kuma wadda ba ta ci sosai ba ta da ruwan da za ta zubar. Kifin gwangwani na mutane: a matsayin abin jan ra'ayi, cokali ɗaya na wanda aka sa a ruwa zalla ba a mai ko ruwan gishiri ba, babu laifi. A matsayin abinci na kullum, a'a. Yawan kifi mai maiƙo ba tare da isasshen bitamin E ba yana kumbura kitsen jikinta har taɓa ta ya zama azaba, ɗanyen wasu kifaye kuma yana lalata bitamin B1. Ciyar da ita hanta kullum yana tara bitamin A a jikinta har ƙasusuwan wuya su manne. Nama zalla babu kalsiyam, ƙashin 'ya'ya yakan yi laushi a kansa.

Wani abu da ake mantawa: sabon buhun kansa. Ana fesa wa ƙwayoyin maiƙo a waje don ƙamshi, in iska da zafi suka daɗe a kansu sai man ya lalace, kyanwa ta ji tun kafin hancin mutum ya ji. Ki duba ranar ƙarewarsa, ki sunsuna. A bar abinci a cikin buhunsa na asali, a matse iska a ɗaure baki, kuma a sayi girman da zai ƙare cikin wata guda ko mako shida.

Uwar Mage

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba dasashin, ruwan hoda ne amma da ɗan danƙo, ban ga rawaya ba. Kashi rabonta da shi kwana biyu. Na sami ganin likita gobe da safe. Na buɗe mata jiƙaƙƙen abinci ɗazu, ta lashe romon ta bar naman. Me zan yi daren nan? Ina da sirinji, in dama abincin in ɗura mata?

Nas Mai Jinyar Dabbobi

'Yar'uwa, ki ajiye sirinjin tukuna. Kyanwa tana saurin haɗa abinci da wahala a ƙwaƙwalwarta. In aka danne ta aka ɗura mata abu tana cikin tashin zuciya, za ta iya ƙyamar wannan abincin na makonni, wani lokaci har abada. Ga haɗarin ƙwarewa, abinci ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu. Kuma in kika yi lissafi, jiƙaƙƙen abinci da aka dama da ruwa bai kai kalori ɗaya a mililita ba, kafin ki kai 200 sai kin cika sirinji mai mililita 10 fiye da sau ashirin. Kokawa ce da ba ta kaiwa ko'ina.

Lashe romo da ta yi labari ne mai daɗi, yana nufin akwai sauran sha'awa. Ki bi ta nan. Ki ɗauki cokali ɗaya ko biyu na abincin, ki murƙushe shi da bayan cokali, ki zuba ɗan ruwan ɗumi har ya zama kamar kauri-kaurin romo wanda za a iya lasa ba sai an tauna ba. Nau'in da aka niƙa laushi ya fi yanka-yanka dacewa da wannan. Kyanwar da ta tashi a kan ƙwaya takan kasa gane yankan nama abinci ne, domin yanayin abu a baki yana da girma a wurinta kamar ɗanɗanonsa.

Ɗumin abincin ya zama kusan na jiki, digiri 37 zuwa 38, irin ɗumin abin da aka farauto yanzu. Ɗumi yana tayar da ƙamshi. In a na'urar ɗumama abinci kika sa, daƙiƙa biyar zuwa goma sun isa, ki juya sosai ki gwada a bayan hannunki, domin takan bar wani gefen da zafi. Amma ga togiya: mai tashin zuciya wani lokaci ƙamshi mai ƙarfi ne yake korar ta. In kika ga ɗumamammen ya sa ta lasar leɓe da ja da baya, gwada mata wanda bai da ɗumi ko ɗan mai sanyi.

Kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Kyanwa in an bar ta da zaɓinta takan ci ƙananan lomomi sau goma ko fiye a yini da dare, tulin abinci a gaban maras lafiya kuwa ƙara mata ƙyama yake. Cokalin shayi ɗaya ko biyu duk bayan awa biyu zuwa uku. Ki ajiye minti 15 zuwa 20, in ba ta ci ba ki ɗauke, kada ya kwana a gabanta. Nau'i ɗaya a lokaci guda. Jera mata kala biyar a tare yana iya sa ta tsani duka biyar. Gwangwanin da aka buɗe a rufe shi a firji, a gama da shi cikin kwana biyu zuwa uku.

Faranti mai faɗi marar zurfi, na tangaran ko ƙarfe, ya fi kwano mai zurfi. Wasu ba sa son gashin bakinsu yana gogar gefe, roba kuma tana riƙe warin tsohon mai. Tsohuwa mai ciwon gaɓɓai takan ji daɗi in an ɗan ɗaga farantin daga ƙasa. Wurin ya zama shiru, nesa da wurin bahaya, inda za ta ci tana ganin ɗakin ba ta ba shi baya ba. Ruwa a ajiye shi a wani gefen daban. In akwai wata kyanwa ko kare a gidan a raba musu ɗaki, domin kallo kaɗai ya isa ya hana mai rauni ci.

Wasu sukan fara ci in an zauna kusa ana shafa su a hankali. Ki ɗan lakato a yatsa ki miƙa mata, in ta lasa ki saukar da yatsan zuwa farantin. Wasu kuma sai an ba su wuri. Ki gwada duka biyun, in ta kau da kai sau biyu ki ƙyale ta har zagaye na gaba.

Abubuwan jan ra'ayi da ba su da haɗari: tsokar kaza da aka dafa a ruwa zalla, ba gishiri, ba kayan ƙamshi, ba ƙashi, romon wannan dahuwar, kifin gwangwanin da Mai Lissafin Kalori ya ambata, ko irin lashe-lashen kyanwa mai laushi da ake matsowa daga 'yar leda. Komai za ki ba ta, ki tabbata babu albasa ko tafarnuwa, ɗanye, dafaffe ko gari. Suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Romon kanti da abincin jarirai na kwalba sau da yawa akwai garin albasa a ciki, sai an karanta.

In da za ki sami ko ɗan ragowar tsohon abincinta, shi ne ya fi komai a daren nan. Lokacin rashin lafiya ba lokacin koyar da sabon abinci ba ne. Wanda kuma kyanwarsa mura ce ta toshe mata hanci, ya goge majinar da auduga mai ɗumi, ya zauna da ita minti 10 a banɗaki mai tururin ruwan zafi kafin ya kawo abinci.

Ki rubuta komai: ƙarfe nawa, me kika ba ta, giram nawa ta ci. Likita zai amfana da takardar nan gobe.

Mai Lissafin Kalori

Ƙari kaɗan kan canjin abinci, don gaba in ta warke. Ba a yin sa dare ɗaya. Kwana 7 zuwa 10: kwata sabo a kwana biyu-uku na farko, sai rabi da rabi, sai kashi uku cikin huɗu, sannan sabo zalla. In zawo ya zo ko ta ja baya, a koma matakin baya a daɗe a kai. Wasu kyanwoyin in aka cakuɗa musu sai su ƙi duka. Irinsu a ajiye sabon a ɗan faranti daban kusa da tsohon, ko da mako guda za su yi suna sunsunawa kawai. Daga busasshe zuwa jiƙaƙƙe yakan ɗauki makonni, wani lokaci a kan barbaɗa garin ƙwayar da ta saba a saman sabon. Kuma yana da kyau kowace kyanwa ta san aƙalla abinci iri biyu tun tana lafiya, saboda ranar da ɗaya zai yanke a kasuwa. A sayo sabon buhu tun tsohon yana da sauran na mako biyu.

LikitanDabbobi

Na yarda da Nas kan sirinji. Ƙaramin gyara kawai: ana amfani da shi wani lokaci ga 'ya'ya ƙanana ko kyanwar da take karɓa da kanta tana haɗiyewa, amma bayan an magance tashin zuciya kuma likita ya nuna yadda ake yi. Ba na daren nan ba ne.

Malama, ga abin da za ki iya tsammani gobe. Za a auna ta, a duba baki har ƙarƙashin harshe, domin zare ko igiya da kyanwa ta haɗiya yakan maƙale a nan ya tattare hanji. Za a taɓa ciki a ji ko kashi ya taru. Kwana biyu ba bahaya yana iya zama don ba ta ci ba ne, yana iya kuma zama shi ne sanadin. A shekara 9 da raguwar nauyi, ki amince a yi gwajin jini da na fitsari: ƙoda, hanta, sukari da sinadarin maƙoƙo. In zai yiwu a haɗa da hoton ciki.

Tsarin magani yana da jeri. Ruwan jiki tukuna, sai maganin tashin zuciya irin maropitan da na ciwo in akwai ciwo, sannan maganin buɗe ciki, wato mai sa sha'awar cin abinci. Wanda aka fi amfani da shi mirtazafin ne, akwai ƙwaya, akwai na shafawa a cikin fatar kunne mai suna Mirataz wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018. Mai shafawa ya sa safar hannu, ana kuma sauya kunne kullum. Yana iya sa ta yawan kuka da rashin natsuwa, kuma ana rage shi ga mai ciwon ƙoda ko hanta. Ba a fara shi kafin a kwantar da tashin zuciya, domin tura mai jin amai ga abinci shi ne ke haifar da ƙyamar da ake gudu.

In gwaji ya nuna ƙoda ce, kada ki matsa a fara abincin masu ciwon ƙoda nan take. A bari ta dawo cin abin da ta sani, ta samu ƙarfi, sannan a shigar da shi a hankali a gida. Wanda aka fara ba ta tana cikin wahala, shi za ta tsana, alhali shi za ta buƙata tsawon rayuwarta.

In kuma aka ce a sa mata bututun ciyarwa ta gefen wuya, kada ki ɗauka alamar ƙarshe ce. Aiki ne gajere a ƙarƙashin maganin barci, bututun ba ya hana ta ci da bakinta, ta cikinsa ake ba da abinci, ruwa da magani ba tare da kokawa ba, kuma shi ne abin da ke ceton yawancin masu kitsen hanta. Ko da bututu ko babu, wadda ta daɗe ba ta ci sosai ba ba a cika mata ciki rana ɗaya: wajen sulusin buƙatarta a ranar farko, kashi biyu cikin uku a ta biyu, cikakke a ta uku ko ta huɗu, domin abinci mai yawa kwatsam yana iya faɗar da fotasiyam da fosfet na jininta. Ki tafi da hoton tsohon buhun da na sabon, da takardar abin da ta ci, kuma ki tambaya ta waya ko ana so ta yi azumin 'yan awanni kafin a ɗebi jini.